Riƙo da Saki: Musayar Waƙa a Kan Sandar Golf

Ɗan-Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar nake fita filin golf na Ikeja, kuma da hannun dama nake bugu. Ga damuwata a waƙe, a kan direba, wato sandar da ake buga ƙwallo nesa da ita. Amsa-amon "wa" ne, mai ba ni amsa ya biyo shi.

Bismillahi, da shi nake buɗe baki,
In gai da manya masu sanda da aiki,
Na Ikoyi, na Ikeja, har da na Leki,
Tambaya gare ni, ku taimaka da amsawa.

Sandar direba in na ɗauka na tsaya,
Na dubi fili, na auna ƙwallo da hanya,
Na kai bugu, sai ta tashi ta juya,
Dama take bi, ta je ta kwanta a ciyawa.

An ce da ni in ƙara ƙarfin riƙo,
Na damƙe sanda fiye da na farko,
Ta ƙara bin dama, ni kuwa baƙo,
Ban gane abin da hannu yake ɓatawa.

Wani ya ce saki ne ya gagare ni,
In murɗa hannu da gangan, ya umarce ni,
Na murɗa, ƙwallo ta bi hagu ta bar ni,
To wanne zan bi, riƙo ko saki ke gyarawa?

Baba Mai Jaka:

Wa alaikumus salam, ɗana. A filin Rayfield na Jos na fara ɗaukar jakar 'yan wasa ina yaro, daga baya abinci ya kawo ni Ikoyi. Ciwon nan naka shi ne ya fi kowane yawa a fili. Sakin da ake faɗa kuwa shi ne warwarewar lanƙwasar wuyan hannu yayin da kan sanda ke isa ƙwallo.

Ɗana na ji ka, zauna ka ba ni kunne,
Riƙo da saki ba abu biyu ba ne,
Sakin da kake nema cikin riƙo yake ne,
In ka gyara wannan, wancan na biyowa.

Ka ɗora sanda a gindin yatsun hagu,
Ba can tsakar tafi ba, ba cikin lungu,
Yatsu uku na ƙarshe su ke riƙe bugu,
Ƙarami da biyun kusa da shi ke matsewa.

A hannun dama, na tsakiya biyu su kama,
Babban yatsa da manuni su huta a sama,
Su ne in sun matse suke jawo rigima,
Wuyan hannu ya ƙage, ya bar lanƙwasawa.

Kan sanda sai ya iso da fuska a buɗe,
Ya gogi ƙwallo a karkace, ta murɗe,
Ta tashi kamar za ta miƙe, ta bauɗe,
Ga dalilin daman da kake ta kokawa.

Rabon yatsun nan ba nawa ba ne, koyarwar gwanin Amurka Ben Hogan ce, kuma na gwada ta a kan mutane na ga ta yi. Yadda za ka haɗa hannuwan kuwa zaɓinka ne. Ko ka ɗora ƙaramin yatsan dama a kan manunin hagu irin na Harry Vardon, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau 6, ko ka sarƙe su irin na Jack Nicklaus da Tiger Woods. Duk suna kai mutum. Mai bugu da hagu sai ya juya maganar.

Malam Na-Idi-Araba:

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ɗora da wata magana da ake danganta wa Sam Snead, wanda ya ci gasa 82 a PGA Tour, jerin gasannin ƙwararru na Amurka.

Baba na gaishe ka, ka warware zance,
Ni ɗan ƙari zan yi, ba gardama ce,
Snead na Amurka ga abin da ya ce:
Riƙe ta kamar ɗan tsuntsun da kake ɗaukowa.

In ka matse shi da ƙarfi ka halaka shi,
In ka yi sake ya tsere ka rasa shi,
Tsaka-tsaki ne, ka riƙe ka lallaɓa shi,
Haka sanda ke so tun daga farawa.

Ka kasa ƙarfin damƙarka kashi goma,
Huɗu zuwa biyar ka ɗauka, ka bar na sama,
Ka kaɗa sanda hagu, ka kaɗa ta dama,
In ka ji nauyin kanta, riƙonka na daidaituwa.

Injiniya Sabo:

Malam, da girmamawa, ina da ja a nan. Na ga sababbin 'yan wasa sun ɗauki maganar tsuntsu yadda take, sun saki yatsu gaba ɗaya, sanda tana juyawa a hannunsu can sama. Wannan ma ɓarna ce.

Malam afuwa, ban yarda duka ba,
Zancen tsuntsu bai kai ƙarshen bugu ba,
A tsaye ne kawai, kafin a ɗaga direba,
Da an juyo ƙasa, hannu na ƙara matsewa.

Kan sandar gwani in ya doso ƙwallo,
Yana fisgar hannu, ba a gani da kallo,
Yatsu su ƙara damƙa da kansu, ba salo,
In ba haka ba, sandar na iya suɓucewa.

Abin da nake so Ɗan-Agege ya gane,
Yatsu daban, wuyan hannu daban ne,
Wuyan ya yi laushi ko da yatsu a damƙe ne,
Haɗa biyun nan shi ke da wuyar koyuwa.

Akwai kuma mai saki tun sanda na sama,
Ya warware lanƙwasar da hannun dama,
Ƙarfin ya zube kafin wurin da ake nema,
Ya sari ƙasa baya, ƙwallo ta kasa wucewa.

Da sandar ƙarfe mai lamba bakwai, hannu ke gaban kan sanda,
A fara taɓa ƙwallo, sannan ƙasa, ga yadda
Ake gane gwani, saran da ya yi shaida,
Gaban mazaunin ƙwallo ramin ke fitowa.

Ga lissafin da ya sa na dage. Kan direba a hannun ƙwararru yana isa ƙwallo da gudun da ya kai wajen kilomita 180 a awa. Haɗuwar fuskar sanda da ƙwallo kuwa ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin 1000 na sakan ba. Babu ɗan Adam da zai iya gyara fuskar sanda a cikin wannan lokaci. Wanda ya ce maka ka murɗa hannu daidai kan ƙwallo ya ɗora maka aikin da ba ya yiwuwa, shi ya sa yau dama gobe hagu.

Hajiya 'Yar Obalende:

Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma kamar a Sikotland kuke maganar. Mu a Legas muke.

Baba da Malam, kun ba mu ilimi,
Amma kun bar abu guda, shi ne gumi,
Nan Ikko ce, iska da laima da ɗumi,
Rami na uku, tafin hannu na jiƙewa.

Ba mai matse sanda don haka yake so,
Santsi ya ji, sai tsoro ya taso,
Kar ta kuɓuce kafin kanta ya iso,
Hannu da kansa yake ƙara ƙanƙamewa.

Dubi robar da ke kan sandarka, ƙanena,
In ta yi sheƙi, ta taurare da rana,
Ko gwani ka miƙa wa, a ganina,
Sai ya matse, don ba ta da wurin kamawa.

Ruwan ɗumi da sabulu da ɗan buroshi,
Ka wanke maiƙon hannu, ka goge shi,
Tawul a jaka, kada ka fita ba shi,
In ta mutu sarai, roba ana canzawa.

Safar hannu biyu nake tafe da su,
Guda a hannu, guda a rataye, in musanya su,
Na ga 'yan wasa, har da manyan cikinsu,
Suna zargin hannu, alhali safa ke zamewa.

Abin yana damuna ƙwarai, don yawancinmu da sandunan gwanjo muka fara, kuma ba wanda ya san shekarun robar da ke kansu. Mutum zai biya kuɗin darasi, ya sha rana a filin atisaye, alhali matsalar tana cikin jakarsa. Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da ruwa ya kankama, abin ya fi muni. Sai a Disamba da Janairu, in hunturu ya leƙo, hannu ke ɗan bushewa. Sannan a kula da kaurin robar. Mai ƙaramin hannu, kamar mu mata da yawa, in aka ba shi roba mai kauri, wuyan hannunsa ba ya sakewa, ƙwallo ta bi dama. Mai ƙaton hannu kuma siririyar roba na sa shi rufe fuskar sanda da wuri.

Ɗan-Agege:

Allah ya saka wa kowa da alheri.

Yaya Hajiya, na je na buɗe jaka,
Robar direba ta yi sumul, ba shakka,
Safar ta huje a tudun tafi, don haka
Baba, me hujin nan yake nunawa?

Sakin da kuka ce yana zuwa da kansa,
Yaya zan ji shi a jiki, in san lokacinsa?
Akwai atisayen da zai nuna min hanyarsa,
A tsakar gida, tun kafin ranar bugawa?

Baba Mai Jaka:

Hujin tudun tafi ga abin da ya fassara:
Sanda na motsi a tafi tun da ka fara,
Can sama ta sassauta, ka sake damƙa ka ƙara,
Mai da ta yatsu, hujin zai daina dawowa.

Juya sanda, ka kama ta ta wajen kai,
Ka kaɗa ta da sauri, ka kasa kunne sosai,
Iska za ta yi "fuu" a wuri ɗaya kawai,
Wurin nan shi ne sakinka yake faruwa.

In "fuu" ta fito dama, wajen kafaɗa,
Da wuri ka saki, haka sautin ya faɗa,
Ka bar ƙugu ya riga, hannu ya biyo ya haɗa,
Har sai a gaban ƙafar hagu take fitowa.

Sannan rabin bugu, daga ƙugu zuwa ƙugu,
Hancin sanda sama a dama, sama a hagu,
Damtsen dama ya haye na hagu bayan bugu,
Ba kai ka murɗa ba, juyin jiki ke kawowa.

Ku yara ba ku ga Ikoyi lokacin gasar Nigerian Open ba, sa'ad da 'yan wasan Turai ke gudo sanyinsu su zo nan. Sandy Lyle ya ci ta a 1978. Peter Tupling ya zagaya ramuka 72 da bugu 255 a 1981, abin da duniyar golf ta daɗe tana magana a kai. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ci a 1988, tun kafin sunansa ya kai Amurka. Ɗana, nemi bidiyon Vijay a intanet, ka tsayar da shi jim kaɗan bayan ya bugi ƙwallo. Za ka ga tafin hannunsa na dama ya kusa rabuwa da sanda, hagu ne ke riƙe da ita. Ban ce ka kwaikwaye shi ba, nasa ne. So nake ka gani da idonka cewa mutum ya ci manyan gasa uku na duniya ba tare da ya shaƙe sanda da hannun dama ba.

Malam Na-Idi-Araba:

Injiniya, lissafinka ya shiga, amma ban bar tsuntsuna ba.

Injiniya, shi Snead mai zancen yana da ƙarfi,
Abin da ya kira sassauci a yatsu da tafi,
Damƙar wani mai raunin hannu duka ya fi,
Shi ya sa tsuntsun nasa ba ya kuɓucewa.

Mai son riƙo mai laushi ya ƙarfafa yatsu,
Ƙwallon tanis a aljihu, a matsa ta ta matsu,
Ko cikin motar danfo, ran da layi bai motsu,
Sannu a hankali nauyin sanda na raguwa.

Injiniya Sabo:

A kan wannan ina bayanka, Malam. Baba, tambaya ɗaya ta rage, tunda ƙwallon Ɗan-Agege ba za ta daina faɗawa ciyawa rana ɗaya ba. In ta faɗa ɗin, riƙon iri ɗaya ne?

Baba Mai Jaka:

A'a, nan kam da bambanci.

Akwai wurin da ake ƙara damƙa, ɗana,
In ƙwallo ta nutse a ciyawar damina,
Ciyawa kan naɗe wuyan sanda ta hana
Fuska tsayawa daidai, sai ka ga tana rufewa.

Nan yatsun hagu su ƙara, ka sara ƙasa,
Ɗauki gajeren ƙarfe mai ɗaga ta bisa,
Kada ka nemi girin, dandalin rami, in yana nesa,
Fitar da ita fili, sannan a ci gaba da bugawa.