Muhawara Kan Jinkirin Miƙa Rahoto Ga Kotu

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. Kotu ta naɗa wani akanta ya binciki lissafin kasuwancin da muka yi tarayya da ɗan'uwana, ya saurare mu da shaidunmu, amma watanni sun shuɗe bai miƙa rahotonsa ba, alhali shagon yana rufe, kaya suna lalacewa. Tsarin mulki ya ce kwana 90, saboda haka wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Barista: Alhaji, Allah ya kawo mafita. Sashe na 294(1) na Tsarin Mulkin 1999 kotu ya ɗora wa nauyin yanke hukunci a rubuce cikin kwana 90 bayan an kammala shaidu da jawaban ƙarshe na lauyoyi. Mai binciken kuwa, lauyanka ya duba umarnin da ya naɗa shi ko an yanka masa rana, sannan ya nemi kotu ta tilasta masa.

Malam: Alhaji, ka ji tsoron Allah da kalmar zalunci. Ba ka san uzurin bawan Allah nan ba, kuma jinkiri daban yake da cin haƙƙin mutum da gangan.

Hajiya: Allah gafarta Malam, ai a hadisi an kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci. Wanda ya karɓi aiki ya danne shi a aljihun tebur, iyalin wani suna kwana da yunwa, wane suna za mu ba shi?

Malam: Hajiya, hadisin a kan bashi yake, kada a ja shi inda bai je ba. Da a kotun shari'ar Musulunci aka shigar da ƙarar, da tuni an raba musu dukiyarsu.

Barista: Malam, ina girmama ka, amma ni ma ina shiga waɗancan kotuna, kuma ɗage zama ba baƙo ba ne a can.

Mazaunin Bronx: A nan jihar New York ta Amurka, dokar shari'o'in da ba na laifi ba ta ba wanda kotu ta naɗa kan irin wannan aiki kwana 30 ya miƙa rahotonsa bayan an gama gabatar masa da batun. Idan shi aka ba ikon yanke hukunci kuma ya saɓa wa'adin, kotu tana iya umartar a sake shari'ar, ya kuma rasa kuɗin aikinsa.

Hajiya: Ɗana, ku mutanen waje kullum sai kun nuna mana namu bai kai ba.

Barista: Hajiya, mu ma mun ɗanɗana tsananin. A shari'ar Ifezue da Mbadugha ta 1984, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin da ya wuce wata uku, wanda ya yi nasara ya koma farko ba da laifinsa ba. Shi ya sa yanzu sashe na 294(5) ya hana rushe hukunci saboda jinkiri kaɗai, sai an tabbatar cewa jinkirin ya jawo tauye adalci.

Mai ƙorafi: Har yanzu ba wanda ya ce mini yaushe za a buɗe shagona.

Mai kula da zaure: Za mu tsaya a nan. Abin da na fahimta shi ne hujjar Hajiya ta fi ƙarfi, domin Malam bai kawo uzuri ko ɗaya da zai wanke akantan ba, sashen da Barista ya ambata ma ya yarda jinkiri yana iya tauye adalci. Alhaji, ka ga lauyanka gobe da safe.