Hoton HDR a Cikin Zaure: Gyara Ne ko Ƙarya?

Dattijon mai hoto, Ƙofar Soro: Assalamu alaikum. Na ga hoton zauren da yaron nan ya turo jiya, kuma ina nan a kan bakana cewa abin da ake kira HDR, wato haɗa hotunan wuri ɗaya masu haske daban-daban su zama hoto guda, ƙarya ce. Na san zauren nan. Da azahar, wanda ya shigo daga rana sai ya tsaya cak kafin ya gane masu zama a kan tabarma, amma a hoton ga azara ana ƙirga ta ɗaya-ɗaya, ga kuma titi ta ƙofa tar, har da mai rake. Babu kyamarar da ta taɓa ganin haka a ɗauka guda.

Wanda ya ɗauki hoton: Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ne ba ɗauka guda ba ce. Na kafa kyamara a kan ƙafa uku na ɗauki hoto uku: ɗaya daidai, ɗaya da na rage masa haske mataki 2 domin ƙofa, ɗaya da na ƙara masa mataki 2 domin rufi. Kowane mataki ninki biyu ne na haske, saboda haka tsakanin na farko da na tsakiya akwai ninki 4. Saurin ɗauka kaɗai na sauya, ban taɓa faɗin ƙofar lens ba, don kada zurfin hoton ya canza, sannan na haɗe su a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Ai ku da kanku kun ce ido yana sabawa bayan ɗan lokaci. Abin da idon ya gani bayan ya saba, shi na ajiye.

Malamin makaranta, Daura: Ina goyon bayan ƙanena a nan. Tun a shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yake haɗa hoto biyu, ɗaya na teku ɗaya na sama, domin ɗauka guda ba ta iya riƙe su tare. Kuma tun 2010 da iPhone ta fara yin HDR, yawancinmu muna yin sa ne a waya ba tare da mun sani ba.

Hajiya mai jeren amare: Malam, tarihi ba zai gyara mini aiki ba. An taɓa ɗaukar mini ɗakin amarya da wannan dabara alhali fanka tana juyawa, sai labule ya fito biyu-biyu kamar inuwa, gefen taga ya yi wani farin zobe, kuma kujerun da na san ruwan ƙasa ne suka koma ruwan lemo. Uwar amarya ba ta karɓa ba.

Wanda ya ɗauki hoton: Hajiya, wannan laifin hannu ne. Ana kashe fanka a jira labule ya tsaya, kuma zoben yana fitowa ne idan an matsa wa hoton wajen daidaita haskensa.

Dattijon mai hoto, Ƙofar Soro: To, ɗana, na janye kalmar ƙarya, amma ban janye ƙorafina ba. Maginin da ya yi zauren nan da gangan ya ƙanƙanta tagarsa domin sanyi da sutura, duhun yana cikin ginin. Ka sake haɗa shi ka bar kusurwar gabas da duhunta, ka turo mu gani.