Masu buga Pokémon Emerald, da gaske ne Nincada biyu yake zama?

ɗan_Mamobi:

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka buga Pokémon na da, gem ɗin nan da ake kama halittu a rene su a sa su faɗa. Kawuna da ya zo daga Jamus ya bar min tsohon Game Boy Advance ɗinsa da kaset ɗin Emerald, shi nake bugawa yanzu in na taso daga shago ko in an ɗauke wuta. Na kama Nincada a ciyawar Route 116, nan gefen Rustboro, ƙwaron nan fari mai faratan tono, yanzu yana lebul 17 kuma wlh renonsa akwai wahala, dukansa ba ƙarfi lebul ɗinsa kuma ba ya saurin hawa. Wani yaro a layinmu ya ce in ya kai 20 biyu zai zama, ɗaya mai fiffike ɗaya kuma fatalwa, wani ya ce sai ina da Poké Ball, ƙwallon da ake kama su da shi, a jaka, wani kuma ya ce duk ƙarya ne sai an sa cit, wato lambar maguɗi. To ni so nake in san gaskiya tun kafin ya kai. Sannan wai fatalwan ransa ɗaya ne tak, in haka ne ya cancanci in ba shi wuri a cikin Pokémon shidan da nake yawo da su ko in bar shi a kwamfutar ajiya ta cikin gem ɗin?

Yaya_Aboabo:

Wa alaikumus salam ƙanina. Yaron nan bai maka ƙarya ba, kuma ba ruwanka da cit. In Nincada ya kai lebul 20 zai rikiɗa ya zama Ninjask, to in a lokacin akwai gurbi a tawagarka, wato biyar kake ɗauke da su ko ƙasa da haka ba shida ba, kana dubawa za ka ga wani ya ƙaru a ƙarshen layi, shi ne Shedinja. Gem ɗin ba zai gaya maka komai ba, ba kiɗa ba sanarwa, shi ya sa mutane da yawa suka gama Emerald kaf ba su san da shi ba don kullum a cike suke yawo. Maganar Poké Ball kuwa wanda ya faɗa maka shi ma yana da gaskiyarsa amma ba a naka ba, daga Diamond da Pearl da suka fito daga baya ne aka fara sa wannan sharaɗin, a Ruby da Sapphire da Emerald gurbin kawai ake buƙata. Kuma kar ka danna B lokacin da yake rikiɗa, in ka tsayar da shi ba Ninjask ba Shedinja.

Wahalar renon ma akwai maganinta, in ka riga ka kai wa Steven wasiƙarsa a kogon Dewford ka koma Rustboro wajen Mr. Stone a benen Devon zai ba ka Exp. Share, abin da ke sa mai riƙe da shi ya samu rabon makin hawa lebul ko bai shiga faɗa ba, ka rataya wa Nincada ka bar manya su yi faɗan.

Rai ɗaya kuwa gaskiya ne, ko ya kai lebul 100 ɗaya ne, ba ya ƙaruwa. Amma yana da wata baiwa Wonder Guard da take sa duk dukan da ba lagonsa ba ne ba ya taɓa shi ko kaɗan. Shi ƙwaro ne kuma fatalwa, to abu biyar ne ke kama shi, wuta, dutse, masu tashi, fatalwa da duhu. Ruwa, lantarki, ciyawa, ƙanƙara, ƙasa, dambe duk a banza, za ka ga ƙaton Pokémon ya saki Hydro Pump a rubuta maka bai yi masa komai ba. Ni a wajena ya cancanci wurin, amma fa sai kana da haƙurin sanin abokin faɗanka kafin ka tura shi.

SabonZango_boy:

chale ni dai ban yarda ba, kar ku bata ma yaro lokaci. Yaya ka lissafo biyar amma baka fadi sauran ba, guba na kashe shi, kuna na kashe shi, Leech Seed mai tsotse rai duk juyi na kashe shi, in aka rikita shi ya bugi kansa ya tafi, kayar Spikes in an zuba a kasa yana shigowa ya fadi, hamadan Route 111 ma da guguwar yashi ko juyi daya baya gamawa. kuma duba manyan da zaka kara da su a Hoenn, kasar gem din, da kyau, Roxanne dutse, Flannery wuta, Winona masu tashi, ka je Elite Four, gwanaye hudun da ke gab da karshe, Sidney duhu Phoebe fatalwa, ina zai sa kafa? ko Norman da kake ganin Normal ne mutanensa akwai masu Faint Attack, dukan duhu. kudin da zaka kashe a Revive na tada shi in ya fadi gara ka sai kwallon kamu Ultra Ball dashi. in kwaro kake so ka rike Ninjask, gudunsa 160 ne ga Speed Boost duk juyi yana kara sauri, shi wannan ko ba komai zai sha duka daya ya tashi

Malama_Asawase:

Ni ba gwanar faɗan ba ce, ƙannena ne masu bugawa, amma kimiyya nake koyarwa kuma wannan halittar, Shedinja, tana cikin waɗanda suka fi burge ni a gem ɗin don ba daga sama aka ƙago ta ba. Akwai ƙwaron nan, cicada da Turanci, da yake maƙale a jikin bishiya lokacin zafi yana wani dogon kuka mai shiga kunne, kana jin sa amma da wuya ka gan shi, namijin ne mai kukan. To ƙaraminsa a cikin ƙasa yake rayuwa shekaru yana tsotsar ruwan saiwar bishiya, ba fiffike sai ƙafafun gaba masu ƙarfi na tono, wannan shi ne Nincada sak, shi ya sa aka ce ƙwaro ne kuma na ƙasa. Ranar da ya isa sai ya fito, yawanci da dare, ya hau gindin bishiya ya kafa faratansa, bayansa ya tsage tun daga kai, sai babban ya zaro kansa a hankali jikinsa laushi fiffikensa a naɗe, ya jira su miƙe su bushe ya tashi. Ɓawon kuma yana nan a maƙale inda ya bar shi. Na taɓa ciro ɗaya a jikin bishiya a gonar koko can wajen dangin mahaifiyata, ruwan ƙasa-ƙasa, ba nauyi ko kaɗan, amma komai na nan, gurbin idanu, ƙafa shida, har busasshen taɓo a faratan, in ka juya shi ka leƙa ta tsagar bayan ba komai a ciki. Sai da na ɗan ja kafin ya saki ɓawon bishiyar.

To ka ga wanda ya tashi shi ne Ninjask, wanda aka bari kuma Shedinja. Rai ɗayan ma daga nan yake, abu ne da yatsa biyu za su murƙushe. A Amurka akwai irinsu da suke yin shekara 13 wasu 17 a ƙasa kafin su fito gaba ɗaya, a 2024 ma garke biyu suka fito tare. Wanda ya ƙirƙiro Pokémon, Satoshi Tajiri, yana yaro a Machida can gefen Tokyo farautar ƙwari ce aikinsa har abokansa suna masa laƙabi da likitan ƙwari, daga nan tunanin kamawa da tarawa ya samo asali har gem na farko ya fito a Japan a 1996. Yaranmu na Zango yanzu siminti da kwata suka sani, da yawansu ba su taɓa ganin wannan ɓawon da idonsu ba, kuma abin yana damuna, ni a aji da Shedinja nake fara musu bayanin yadda ƙwari suke saɓa don shi suka riga suka sani.

Abu ɗaya dai, a bayanin Pokédex, kundin halittun gem ɗin, an rubuta wai mutane sun yarda in ka leƙa ramin bayansa zai ɗauke maka kurwa. Ƙaramin ƙanina sai da ya tsorata don in ka tura shi faɗa bayan nasa kake kallo. In akwai yara ƙanana kusa da kai ka gaya musu labari ne na cikin wasa kawai.

Yaya_Aboabo:

Malama Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya yi. Ɗan Sabon Zango duk abin da ka lissafa haka ne ban musa ko ɗaya ba, amma kai kana auna shi ne kamar wanda za a sa a gaba tun daga Littleroot inda ake fara gem ɗin har ƙarshe, ba aikinsa ba ke nan. Shi kamar makulli ne, ƙofa ɗaya zai buɗe amma ita ɗin ba wanda zai buɗe ta sai shi. Ka tsaya a Sidney da Phoebe ba ka ƙarasa ba, wa ke zaune a ƙarshe a Emerald? Zakara Wallace, kuma duk mutanensa na ruwa ne. Wailord ɗinsa da Whiscash da Gyarados ba wanda yake da dukan da zai taɓa Shedinja, Gyarados zai yi ta Dragon Dance yana ƙara ƙarfi yana sakin Earthquake da Hyper Beam duk a iska. Rabin tawagar zakara ke nan fa, a hannun abin da ransa ɗaya. Sauran ukun ne za ka janye shi, Tentacruel da Milotic suna da gubar Toxic, Ludicolo kuma Leech Seed. Haka in ka je kama Kyogre, ƙaton Pokémon ɗin teku, ka sa shi a gaba ka yi ta jifa da ƙwallo hankalinka kwance, sai dai kar ka bari dabarunsa su ƙare ya koma Struggle, dukan da ake yi in komai ya ƙare, don wannan kam yana ratsa Wonder Guard. Maganar kuɗi kuma ka tuna ba ya shan Potion ko ɗaya, Revive guda ya dawo da shi cikakke. Ni abin da ya koya min shi ne in daina danna A ido rufe, dole in tsaya in tambayi kaina wannan da ke gabana me yake riƙe da shi.

ɗan_Mamobi:

Na gode ƙwarai Yaya, Malama na gode, ɗan uwa na Sabon Zango kai ma na ji gargaɗinka. Zan ajiye ɗaya a kwamfuta in bar gurbin. To amma da me zai yi duka? Don Scratch da Leech Life ɗin nan ko da ba a taɓa shi ba sai mu kwana a kan Wailord.

Yaya_Aboabo:

Yawwa, nan ne wajen haƙurin. In za ka iya, kar ka bari ya rikiɗa a 20, ka dinga danna B duk lebul har ya kai 25 sannan ka sake shi. A 25 Ninjask yake koyon Swords Dance, rawar takobi mai ƙara ƙarfin duka, kuma a Emerald duk abin da Ninjask ya koya a daidai lokacin rikiɗar Shedinja ma yana fitowa da shi, alhali shi da kansa ba zai koya a lebul ba. Sai ka haɗa masa da Shadow Ball, dukan fatalwa ne, akwai TM ɗinsa, wato abin koya masa shi, a Mt. Pyre, kuma a wannan gem ɗin dukan fatalwa da ƙarfin jiki ake lissafa shi don haka Swords Dance yana ninka shi. Tunda ba a iya taɓa ka, ka yi rawar sau uku a natse sannan ka fara duka. Ka ba shi Pecha Berry, ɗan itacen da ke warkar da guba, ya riƙe, don in aka sa masa ita a ƙarshen wannan juyin zai faɗi, ba za ka samu damar buɗe jaka ka ɗauko Antidote ba. Akwai bishiyar Pecha a Route 102, in ka tsinke ka dasa ɗaya a wurin.