Helicobacter pylori ta ƙi tsirowa a faranti, ina matsalar take?

Ɗalibar bincike:
Assalamu alaikum. Muna son rainon Helicobacter pylori, bakteriyar da ke zama a tumbin mutum, daga ɗan naman tumbi da ake gutsurowa lokacin leƙa ciki da na'ura, don mu gwada juriyarta ga magani. Gwajin gaggawa na yuriyes, sinadarin da take fasa yuriya da shi, yana nuna tana nan, amma faranti fayau. Muna shafawa a agar ɗin jini, wato daskararren abincin raino da ke cikin faranti, mu sa a tulun kyandir (tulun da ake kunna kyandir a ciki a rufe don rage oksijin) a digiri 37 na Salshiyos, mu duba bayan kwana biyu. Ƙwayar da ke zaune cikin tsamin tumbi, me ya sa take da wuyar sha'ani haka a waje?

Malamin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam. Malama, kwana biyu ya yi kaɗan. Tana bukatar kwana 3 zuwa 7, kuma kada ki zubar da faranti sai ya kai kwana 10. Wannan gaggawar ce ta ɓata wa Marshall da Warren, likitocin da suka gano ta, lokaci a Perth ta Ostareliya, sai a 1982 da hutun Ista ya sa faranti ya daɗe a inkubeta, sannan ta fito.

Na biyu, iska. Oksijin kashi 5 take so, kabon dayoksaid kashi 10, sauran naitirojin. Kyandir yana mutuwa tun oksijin bai sauka kusa da haka ba. Ki nemi jakar CampyGen, mai rage oksijin a cikin tulu, kuma duk sanda aka buɗe tulu a sa sabuwa. Ki ajiye jiƙaƙƙiyar auduga a ciki, don ba ta jure bushewa. Idan ana yawan ɗauke wuta, a haɗa inkubeta da inbata.

Likitar ciki:
Ƙanwata, ki kuma duba abin da ke faruwa kafin samfurin ya iso hannunki. Mara lafiya ya bar omefirazol, maganin rage tsamin ciki, mako 2, maganin kashe ƙwayoyi da maganin ciki mai bismot kuma mako 4. In ba haka ba adadinta ya ragu, ta kuma gudu saman tumbi, shi ya sa ake gutsurowa daga ƙasan tumbi da tsakiyarsa duka. A fara ɗaukar na raino kafin hantsaki ya taɓa fomalin, ruwan adana nama mai kashe ƙwayoyi. A sa a ɗan ruwan gishiri mai tsabta, a sanyin digiri 4, a shuka cikin awa 4. Idan zai kwana, sai ruwan raino mai gilisarol kashi 20 a firiza mai digiri 70 ƙasa da sifili.

Mai nazarin bakteriya:
Gyara ɗaya: ba tsami take so ba. Cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi take fakewa, tana fasa yuriya ta fitar da amoniya ta rage tsamin da ke kewaye da ita. Don haka kada ki ƙara wa agar tsami.

Ki yi amfani da agar ɗin Columbia da jinin doki ko na tunkiya kashi 7, sabon zubi, da haɗin magungunan kashe ƙwayoyi na Dent don hana ƙwayoyin baki da funfuna rufe ta. Ki niƙa naman tukuna, kada ki goga shi kawai. Za ki ga ƙananan ɗigo masu sheƙi kamar raɓa, da ƙyar su kai milimita ɗaya, sai kin karkata faranti ga haske. Gwaje-gwajen tabbatar da ita, wato yuriyes, katales da oksides, duka su amsa. Ki sake shuka ta duk kwana 2 ko 3, don idan ta tsufa takan dunƙule ta ƙi tashi.