Neman shawara: hotunan Tafkin Bosomtwe na fitowa fari fat

Fuseini, Aboabo: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina yawan fita yawon ƙafa a ƙauyukan bakin Tafkin Bosomtwe da ke kusa da Kumasi a Ghana, ina ɗaukar hoto da kyamarar Canon mai gilashi 18-55mm. Matsalata biyu. Idan tuddai suka fito da kyau, sama ta zama fari fat, in na gyara sama kuma tuddai su yi baƙi ƙirin. Sannan wani lokaci gilashin yakan yi gumi, komai ya dusashe. Ga damina ta kankama. In jira rani ne?

Baba Mai Hoto, Asawase: Wa alaikumus salam. Yaro, kada ka jira rani. Da hunturu ya shigo a Disamba, buji zai rufe ɗaya gaɓar, ba za ka ga komai ba sai toka-toka. Damina ce lokacin wannan aiki, sai dai ka san sa'a. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya, rana na fitowa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma tana hawa da sauri, kafin 8 hasken ya yi tauri. Tafkin a cikin rami yake, wanda dutse daga sararin sama ya haƙa shekara kusan miliyan ɗaya da suka wuce, tuddai sun kewaye shi kamar bakin akushi. Shi ya sa sama ke yin haske alhali ƙasa na cikin inuwa. Tazarar kilomita 30 ce ko sama da haka daga Kumasi ta Kuntanase zuwa Abono, don haka ko ka kwana can, ko ka yi Asuba a hanya.

Saiti kuwa: ka ɗauka a RAW (ɗanyen hoto da ake gyarawa a kwamfuta), ISO 100 (ƙarfin karɓar haske), f/8 (faɗin buɗin gilashi), yanayin Av (kai ka zaɓi buɗin, kyamara ta zaɓi saurin ɗauka). Ka rage haske zuwa -1, ka kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, ka yi ta ragewa har ƙyaftawar ta bar gajimare. Inuwa ana ɗago ta a kwamfuta, amma farin da ya ƙone ya tafi ke nan. In tazarar haske da inuwa ta yi yawa, ka kafa ƙafa uku, wato maɗorin kyamara, ka ɗauki hoto guda uku, -2, 0, +2, ka haɗa su daga baya. Safiyar da hazo ya kwanta kan ruwa sai ka juya lissafin, ka ƙara +1, domin kyamara na mai da fari ruwan toka.

Hajiya Zenabu, Sawaba: Gumin nan, ƙanena, sanyin kyamara ne ke gamuwa da danshin waje. In ta fito daga mota ko ɗaki mai iyakwandishan, ka bar ta a jaka a rufe minti 20 zuwa 30 kafin ka buɗe. Goge shi ba ya magani, yana sake dawowa har sai gilashin ya yi ɗumi. Abin da ya fi gumi illa shi ne fumfuna, wadda ke fitowa kamar yanar gizo-gizo a cikin gilashi idan an ajiye kaya a jiƙaƙƙiyar jaka. In ka dawo gida ka fito da komai, ka cire batir da kati, su sha iska, sannan ka sa su a robar da ke rufuwa ruf tare da ƙullin silika, ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, danshi ya tsaya tsakanin kashi 40 da 50. Silika mai launi za ka nema, in ta sauya kala ka gasa ta a wuta kaɗan ta dawo. Shinkafar da wasu ke sawa don tsotse danshi kuwa a bar ta a tukunya, ƙura kawai take ƙarawa.

Issah, Tafo: Yaya Fuseini, ka sayi filta CPL, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi don rage ƙyalli, ta 58mm ce ke hawa gilashinka. Tana kashe ƙyallin jiƙaƙƙen ganye, kore ya fito sosai.

Baba Mai Hoto: Haka ne, amma a 18mm tana yi wa shuɗin sama dabbare-dabbare, gefe ɗaya duhu gefe ɗaya haske, kuma tana cin haske kusan mataki biyu. Ta fi aiki in rana na gefen kafaɗarka. Kuma ka juya ta a hankali, don tana iya share inuwar tuddai da ke cikin ruwa, wadda sau da yawa ita ce hoton.

Malam Awudu, Zongo: Ni kan hadari zan yi magana. A nan yawanci daga gabas yake tasowa, da rana ko yamma, iska mai sanyi ta riga shi isowa. Mintunan da ke gaban wannan iska su ne na hoto: baƙin hadari a baya, rana na dukan tuddai daga yamma. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, kowace uku kilomita ɗaya ce. In ba ta kai 30 ba, naɗe ƙafa ukun nan, ka bar bakin ruwa da tudu da gindin doguwar bishiya, ka shiga gini ko mota. Yayyafi kuwa leda ta isa: ka huda gindinta, ka zura bakin gilashi, ka ɗaure da roba. A saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ɗigon ruwa na tsayawa cak, a 1/60 yana ja kamar zare. In ruwa ya ɗauke ka juya wa rana baya, a nan bakan gizo ke fitowa. Gangaren na santsi bayan ruwa, silifas ba za su yi ba.

Hajiya Zenabu: Masuntan can a kan katako suke zama su tuƙa da hannu, kuma mutanen Asante na girmama tafkin ƙwarai. Ka gaishe su ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara.

Fuseini: Allah ya saka da alheri. Baba, in babu ƙafa uku fa?

Baba Mai Hoto: Cika safa da wake ka ɗaure baki, ka ɗora a kan dutse, kyamara a kai, ka sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, ka cire hannunka.