Antix ta hau tsohuwar laftof, amma burauza na daskarar da ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin Linux ku taimaka min.

Ina da ƙaramar laftof mai Intel Atom N270, RAM ɗinta 1GB, kuma 32-bit ce. Windows 7 ce a kanta, wadda aka daina sabuntawa tun Janairun 2020. Lubuntu da Linux Mint na yanzu duk 64-bit suke nema, shi ya sa na sa antiX, wani nau'in Linux mara nauyi da ke karɓar 32-bit. Tana tashi da sauri, rubutu ma lafiya lau.

Matsalar burauza ce. Chrome ya daina fitowa ga Linux mai 32-bit tun 2016, Firefox kuwa da na buɗe shafi biyu sai komai ya tsaya cak, linzamin ma ba ya motsi. Ƙanwata ce za ta yi atisayen JAMB da ita, kuma kuɗin sabuwa babu.

Wani mai gyara a Beirut Road da ke Kano ya ce in ƙara RAM zuwa 2GB, iyakarta ke nan. Zai wadatar kuwa? Ko zram, wato dabarar matse bayanai a cikin RAM, zai rage nauyin? Kuma wace burauza mara nauyi kuka gwada da kanku a irin wannan na'ura?

Allah ya saka da alheri.