Yeats da John Quinn: abota ce, ko ubangida da mawaƙinsa?

Ɗalibar adabi, Yamai:
Assalamu alaikum. Ina karatun adabin Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma duk inda na bi tarihin W. B. Yeats, mawaƙin ƙasar Ailan da ya samu kyautar Nobel a 1923, sai na tarar da sunan John Quinn, wani lauya mai hali a birnin Niyok. Ana ce masa abokinsa, amma ni abin da nake gani bai wuce basarake da makaɗin fadarsa ba. Malamai, shin na fahimci lamarin a karkace ne?

Tsohon malamin Ingilishi, Tawa:
Wa alaikumus salam, ƴata. Kwatancenki yana da ƙafa, sai dai ba ya kai wa ƙarshe. Gaskiya ne Quinn, wanda iyayensa ƴan asalin Ailan ne, shi ya shirya wa Yeats rangadin laccoci a Amurka daga ƙarshen 1903 zuwa farkon 1904, kuma mawaƙin ya koma gida da kuɗin da bai saba riƙewa ba. To amma makaɗin fada ba ya gaba da sarkinsa, su kuwa waɗannan biyu sun ɓata a 1909 a kan wata mace da Quinn yake nema, suka yi shekara biyar ba sa ga maciji, sai a 1914 suka shirya. Yeats bai je ba da haƙuri don tsoron rasa tuwo ba, waƙarsa kuma ba ta tsaya ba.

Ma'aikacin ɗakin karatu, Yamai:
Malam, a gafarce ni, ina ganin ƙanwarmu tana da hujjar da ba a taɓo ba. Mahaifin Yeats, mai zanen hotuna, ya tare a Niyok ya ƙi komawa Dublin, babban birnin Ailan, har ya rasu a Niyok a 1922, kuma Quinn ne ya tsaya masa: yakan sayi rubuce-rubucen hannu na ɗan, kuɗin su tafi ga biyan masauki da basussukan tsohon. Wanda ya ɗauke maka nauyin mahaifinka, ko bai ce uffan ba, da wuya ka ɗaga ido ka dube shi kamar tsaranka. A shekarar nan ta 1922 ma Yeats ya sadaukar wa Quinn da littafinsa na tarihin rayuwa, The Trembling of the Veil.

Tsohon malamin Ingilishi, Tawa:
Na karɓi wannan. Abin da zan ƙara shi ne ciniki aka yi, ba kyauta ba, domin Quinn mai tara kayan fasaha ne, takardun kuma sun zama dukiyarsa, kamar yadda ya sayi rubutun hannu na littafin Ulysses daga marubucinsa James Joyce, shi ma ɗan Ailan, ya kuma sayar da shi a gwanjo a 1924, shekarar da shi Quinn ya rasu. Ƴata, ki nemi wasiƙun da suka rubuta wa juna ki duba yadda kowanne yake ɗauko zancen kuɗi.